Hujin da Ba-Yoyo Ya Toshe

A unguwarmu akwai wani dattijo mai gyaran famfo da kowa ke kira Ba-Yoyo. Sunan ya fito ne daga abin da yake faɗa duk sanda ya gama aiki. In ya ɗaure bututu, ya buɗe ruwa, ya shafa bayan hannunsa a mahaɗar ya ji ta a bushe, sai ya miƙe ya ce, "Ba yoyo." Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana faɗin kalmomin nan biyu a banɗakunan mutane, har suka cinye sunan da iyayensa suka sa masa. Jikokinsa ma haka suke kiransa, kuma yana amsawa.

Gajere ne mai kaurin damtse. Kunnensa na hagu ya fi na dama ji, wai don shi ya saba jinginawa da bango yana sauraron ruwa. Yana iya tafiya a titi ya tsaya cak, ya karkata kai, ya buga ƙofar gidan da bai san kowa a ciki ba, ya gaya musu famfon kicin ɗinsu na ɗiga. Yawanci godiya ake masa. Sau ɗaya an sakar masa kare. A aljihun gabansa kullum akwai farin tef na naɗe bakin bututu, ko da rigar fita unguwa ce a jikinsa. Da aka yi masa aikin ido, kwana biyu ya yi a asibiti, ya bar musu famfo uku a gyare, da ido ɗaya a naɗe.

Ko aurensa ta hanyar yoyo ya same shi. Yana saurayi aka kira shi wani gida inda famfon tsakar gida ke ɗiga. Ya tarar da gwangwanin madara a ƙarƙashin famfon, da ɗan tsiron tumatir a ciki, ɗigon na sauka a gindinsa ɗaya-ɗaya. Ya ture gwangwanin gefe, ya canja roba, ya ce ba yoyo, ya tafi. Bayan kwana biyar 'yar gidan ta same shi a shagon ubangidansa, ta dire masa gwangwanin a gaba. Tumatirin ya bushe ƙamas.

"Kai ne mai gyaran nan?"

"Ni ne."

"To ga gyaranka."

Ya ce mata ba a barin ruwa ya zuba a banza. Ta ce ba a banza yake zuba ba, akwai mai sha. Ba su gama gardamar a ranar ba, don haka ya koma gidansu washegari ya ƙarasa mata bayani. Yanzu 'ya'yansu biyar, ana kiranta Inna, kuma maganar tana nan inda suka bar ta.

Bayan gidansu akwai fili da bai wuce girman ɗaki biyu ba. Nan Inna ta yi lambu tun shekarar da suka tare: alayyafo, latas, tattasai, albasa, da tumatir, wanda ba ta taɓa fashin shuka shi ba, wataƙila don tunatarwa. Ruwan famfo sau biyu yake zuwa a mako, Litinin da Alhamis, sai a tara a duro biyu a bakin kicin. Daga duron zuwa lambu taku talatin ne da matakala uku. Inna ta yi wannan tafiya da bokiti sau shida da safe, sau shida da yamma, shekara talatin da ɗoriya. Mijinta ya ja wa rabin unguwa ruwa har ɗakin kwana, amma bai ja mata zuwa lambu ba. Hujjojinsa biyu ne. Na ɗaya, ruwan da bai zo ba bututu ba ya kawo shi. Na biyu, dogon bututu mahaɗa ce da yawa, kowace mahaɗa kuma yoyo ce mai jiran ranarta.

Gwiwar Inna ta dama ce ta fara gajiya da hujjojin. Da farko ƙara take yi in za a hau matakala, daga baya ta kumbura ta yi suntum. Autarsu, wadda nas ce a wani asibiti, ta zo ranar hutunta, ta latsa gwiwar, ta kalli bokitin, ta kalli mahaifinta.

"Inna, ki saurare ni da kyau. In na sake ganin bokiti a hannunki, zan kawo masu siminti su shafe bayan gidan nan tas. In sa miki kujera da rumfa, ki zauna ki sha iska."

"Iskar me? In sha iska ina kallon bango?"

"Bangon ba ya neman ruwa."

Duk gidan an san Auta. Tun tana 'yar shekara shida ba ta taɓa yin barazanar da ba ta cika ba.

Kwana uku Inna ta yi zaune a bakin kicin, ba ta ce wa kowa ci kanka ba, tana kallon alayyafonta yana laushi. Ba-Yoyo ya ɗauki bokitin da kansa don ya taimaka, ya kwara wa latas ruwa kamar mai wanke kwata, rabin kwamin ya bi ruwa. A nan ne Inna ta yi maganarta ta farko a kwana uku. Ta ce ya bari su mutu da mutuncinsu.

A Asabar ta gaba Auta ta dawo da zane a bayan wata tsohuwar takarda. Wata abokiyar aikinta ce ta yi irinsa a gidanta. Ta shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Baba, akwati ne na katako, tsayinsa zuwa ƙugun Inna, ba durƙuso. A shimfiɗa leda a ciki. A ƙasa a zuba tsakuwa, nan ruwa zai zauna. A rufe tsakuwar da buhu, a zuba ƙasa da taki a sama. Ga bututu a kusurwa, ta nan ake ɗura ruwa da tiyo ranar da famfo ya kawo. Shi ke nan. Ruwan zai riƙa hawa da kansa yana samun saiwa."

"Ya hau da kansa?" in ji Ba-Yoyo. "Da wane inji?"

"Ba inji."

"Likita," haka yake kiranta in zai yi mata musu, "shekara arba'in ina tura ruwa sama. Bai taɓa hawa ko taku ɗaya don kunyar idona ba."

Auta ta cika kofi da ruwa, ta tsoma bakin wani tsumma a ciki, ta rataye ɗaya bakin a jikin ƙusa. Suka zauna su uku suna kallon tsumma. Danshi ya fara rarrafawa sama, a hankali, kamar kananzir a lagwanin fitila. Ba-Yoyo ya matso. Ya taɓa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya miƙe ya fita ba takalmi, ya nufi shagon Kafinta.

Kafinta amininsa ne na shekara hamsin, dogo, mai bakin da ba ya hutawa ko da ƙusa uku a cikinsa. Tun ranar aka fara aiki. An tsayar da Inna an auna ta daga ƙasa zuwa ƙugu kamar za a ɗinka mata zane. Kafinta ya ce a ƙara inci biyu ko za ta ƙara tsawo. Ta ce ya ƙara wa kansa hankali inci biyu, zai fi amfani.

Akwatin ya fito ƙafa takwas a tsawo, huɗu a faɗi. Da aka zo shimfiɗa leda, Ba-Yoyo ya kori kowa. Ya yanke farcen ƙafarsa kafin ya shiga. Ya hana Kafinta matsowa da ƙusa ko a aljihu. Awa uku ya yi a ciki yana lallaɓa kusurwa huɗu, ya fito yana gumi, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

Sai Auta ta miƙa masa sabon bututu, fari fes, wanda za a kwantar a cikin tsakuwa.

"Baba, a huda wannan. Kamar huji sittin."

Ya riƙe bututun kamar jariri. "Sabo ne fa."

"Na sani. Ta hujin ruwa zai bazu."

Ya shiga ɗaki da shi ya rufe ƙofa. An ji ƙarar na'urar huji sau sittin, da ɗan shiru bayan kowace ɗaya. Da ya fito bai kalli kowa ba. Ya ce ai a cikin ƙasa zai zauna, ba wanda zai gani.

Saura huji ɗaya, kuma shi kowa zai gani. Auta ta sa yatsa a jikin katakon, daidai inda tsakuwa ta ƙare ƙasa ta fara.

"Nan ma a huda, har ledar. A sa guntun bututu ya leƙo waje."

"Ledar? Ledar da ko allura ba ta shiga?"

"In ruwa ya cika, ta nan rarar za ta fita. Da ka ga yana ɗiga, ka san ya ƙoshi, sai ka kashe tiyo. In babu shi, ruwa zai hau ya shaƙe saiwa."

"Saiwa ba ta numfashi."

"Tana yi, Baba."

"A wane asibitin aka koya muku haka?"

"Baba, siminti ko huji?"

Ya huda.

Ranar shuka Inna ta sa sabon zane. Ta tsaya a tsaye, bayanta a miƙe, tana dasa tumatir takwas a jere kamar mai jera kwanuka a kan kanta. "Shekara talatin ina gaida alayyafo a durƙushe," in ji ta. "Yau shi ya taso ya same ni." Aka rufe saman da busasshiyar ciyawa don kada rana ta sha danshin. Auta ta ja mata kunne: kada ta damu da saman ƙasa, ko ya bushe, aikin a ƙasa ake yinsa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Kwana uku ba wanda ya zuba ko cokali, shukar tana tsaye ƙyam. Kwana biyar, haka. A mako na uku latas ya buɗe kamar lema, alayyafo ya yi duhu don kore, tumatir ya nemi a kafa masa sanda. Inna ta daina barin kowa ya wuce ƙofar gidan. Mai kawo gas ya ga akwatin. Mai karanta mita ya gan shi sau biyu. Wani bawan Allah da ya ƙwanƙwasa don tambayar hanya ya fita da ganyen latas a hannu, bai samu hanyar ba.

Shi kuwa Ba-Yoyo ya zama malamin abin. Ya ajiye kofi da tsumma a kan kujera don baƙi. Yana bayani yana ɗaga hannu sama-sama, yana nuna yadda ruwa ke hawa, kai ka ce shi ya yi wa ruwan magana ya yarda. Da hantsi za ka same shi ya manna kunnen hagu a jikin katako. Ya rantse yana jin hawansa.

Wata Alhamis famfo ya kawo ruwa da ƙarfi, maƙwabta kamar goma suka taru don ganin yadda ake ɗurawa. Ba-Yoyo ya zura tiyo a bututun kusurwa yana ta bayani. Yana cikin bayani tsakuwa ta cika, guntun bututun nan na gefe ya fara aikin da aka sa shi domin sa. Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Kafinta ya ɗaga hannu biyu sama. "Jama'a, ku tsaya! Ku zama shaida! Shekara hamsin ina jiran ranar nan. Aikin Ba-Yoyo yana yoyo!"

"Ba yoyo ba ne, mutumina. Rara ce ke fita."

"Ruwa na fita daga inda aka zuba shi, yana jiƙa ƙasa. A garinku me ake ce masa?"

Aka kwashe da dariya. Wata maƙwabciya ta ce ko a kira mai gyaran famfo. Ba-Yoyo ma ya yi dariya, ta baki kawai. Kafin yamma labari ya kai bakin titi, har mai shayi ya tambaye shi ko gaskiya ne.

Washegari da safe, Inna na kicin, ya zagaya bayan akwatin da marufin bututu, da tef, da gam. Ya yi aikin da hannunsa ya sani ko a mafarki. Ya shafa bayan hannu a wurin ya ji shi a bushe. "Ba yoyo," ya ce, ba da kowa ba. Ya jingina bulo biyu suka rufe wurin, ya ɗora kofi da tsumma a kai.

Daga nan ba abin da ke gaya masa akwati ya ƙoshi. Litinin da Alhamis yana ɗura ruwa da kunne, in ya ji kamar ya isa sai ya ƙara kaɗan, don shi ba marowaci ba ne. Sai kuma sama ta yi nata, kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Duk abin da ya sauka a akwatin ya zauna, domin ledar Ba-Yoyo ce.

Latas ne ya fara sunkuyar da kai. Sai ganyen tumatir na ƙasa ya yi rawaya. Alayyafo ya kwanta kamar wanda ya sha duka.

Inna ta san shuka, amma a rairayi ta san ta. Ƙasar bayan gidan nan ba ta riƙe ruwa ko na awa ɗaya, don haka a duk rayuwarta ba ta taɓa ganin shukar da ƙoshi ya kashe ba. In ganye ya kwanta, ƙishi ne. Kuma a can ƙasan ranta ba ta taɓa yarda ɗari bisa ɗari cewa ruwa na hawa ba. Ruwan da ta sani gangara yake yi. Ta yanke cewa ya hau na wata guda ya gaji. Ta jira Malam, kamar yadda take kiran mijinta, ya tafi hira shagon Kafinta, ta ɗauki buta. Buta ai ba bokiti ba ce, Auta ba ta ambaci buta ba. Kwana biyu buta ba ta yi magani ba, ta koma tukunya. Ranar huɗu ta daina yi wa kanta wayo, ta ɗauki bokitin. Taku talatin, matakala uku, sau shida.

Shi ma Ba-Yoyo ya ga ganyen na kwanciya. Ya yi nazari irin na masana, ya gano ruwan bai isa ba, ya ƙara daga ƙasa. Haka suka yi mako guda, ita ta sama shi ta ƙasa, kowa a ɓoye, kowa da kyakkyawar niyya.

"Malam, shukar nan kamar ba ta jin daɗi," in ji ta suna cin abinci.

"Canjin yanayi ne. Ke kuma na ga kina ɗingishi."

"Canjin yanayi ne."

Asabar Auta ta zo. Ba ta ma ajiye jaka ba. Ta ga tafiyar Inna daga ɗaki zuwa kicin, ta leƙa bayan ƙofa ta ga bokiti da danshi a gindinsa, ta ga zoben ruwa a kan matakala ta biyu, inda mai ɗauke da kaya ke ajiyewa ya huta.

"Inna, wa ya jiƙa bokitin nan?"

"Raɓa."

"A bayan ƙofa?"

Inna ta zauna a kan matakala. Gwiwar ta fi karon farko kumburi. "To me kike so in yi? Akwatin naki ya daina aiki. In zauna ina kallo su mutu a gabana? Ni na dasa su da hannuna."

Auta ta kalli akwatin daga nesa, duk ya yi yaushi ya yi rawaya. Muryarta ta yi sanyi, wanda a wurin Auta ya fi tsawa haɗari. "Mun gwada, Inna. Bai yi ba. Gwiwa ba a sayen ta a kanti." Ta fito da waya. "Litinin masu siminti za su zo."

Inna ta juya ta kalli tumatirinta takwas, ta sa gefen mayafi ta share hanci.

Ba-Yoyo yana tsaye a bakin ƙofa. Tun da aka ambaci bokiti yake lissafi: ruwansa, da nata, da na sama, a cikin leda da ba ta da ko ƙofar allura. Mai gyaran famfo ne, bai buƙaci takarda ba. Zai iya yin shiru, siminti ya binne bulo biyu da abin da ke bayansu, sunansa ya tsira har abada.

"Likita," ya ce, "ajiye wayar nan."

Ya je ya ɗauke kofi da tsumma. Ya ture bulo na farko, ya ture na biyu. Ga marufi nan, fari tas, an naɗe shi da tef cikin tsari, ba ko ɗigon danshi.

Auta ta yaye ciyawar saman, ta danna ƙasar da tafin hannu. Ruwa ya ɓulɓulo ta tsakanin yatsunta, wani wari ya taso kamar na tsohuwar kwata.

"Baba!"

Inna ta taso tana ɗingishi, ta sunkuya ta daɗe tana kallon marufin. Sannan ta ɗago.

"Malam. Ka sake? Gwangwani guda bai ishe ka ba, sai ka haɗa da akwati?"

"Ke ma ai kin zuba ta sama."

"Na zuba don su rayu! Kai don wa ka toshe?"

"Don Kafinta," in ji shi, a hankali. Ya juya wurin Auta. "Kira min shi. In zan ji kunya, gara in ji ta gaba ɗaya."

Kafinta ya zo da gudu, da maƙwabta biyar da ya tsinta a hanya. Ba-Yoyo ya durƙusa ya sa sifana. Marufin ya ƙi motsi. Ya sa babba. Ya ƙi. Ya taka katako da ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ko gezau.

"Gaskiya aiki ya yi kyau," in ji Kafinta. "Wa ya yi maka? Ba ni lambarsa."

"Ba ni zarto."

Da zarto ya yanke shi. Yana kaiwa ƙarshe ruwa ya yi tsartuwa, baƙi wuluk, ya daki ƙirjinsa, ya cika masa aljihu, ya wanke takalman Kafinta, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar baya ya fita lungu. Maƙwabta suka yi tsalle suna ihu. Inna ta manta da gwiwa, tana tafi tana cewa, "Fita! Fita, ɗan albarka, fita!" Auta da ta yi niyyar ɗaure fuska ta kasa, ta jingina da bango tana dariya har da hawaye. Ya fi rabin awa yana zuba. Ba-Yoyo na durƙushe a cikin taɓo yana kallon yoyo mafi girma da ya taɓa gani a gidansa, kuma da hannunsa ya buɗe shi.

Da ruwan ya koma ɗigo, Auta ta yanke hukunci. Mako biyu. In sabon ganye ya fito, ba siminti. In bai fito ba, magana ta ƙare. Bokitin ta sa shi a bayan motarta, da butar lambu, da babbar tukunya don kada a yi mata fassara. Sannan ta miƙa wa mahaifinta hannu.

"Me kuma?"

"Tef."

Ya zaro shi daga aljihu, jiƙe sharkaf, ya ba ta.

Latas bai tashi ba, duk ya narke. Tumatir uku suka bi shi. Sauran biyar suka tsaya tsirara, ba su mutu ba, ba su kuma ce za su rayu ba. Kullum da safe mutum biyu ke tsaye a kansu, hannu a baya, kowa na gadin ɗan'uwansa. In Inna ta kalli duro, Malam ya yi gyaran murya. In Malam ya kalli huji, Inna ta yi nata.

Rana ta tara aka ji Inna ta ƙwala kira har bakin titi. Ba-Yoyo ya fito da kumfar aski a rabin fuska. A hammatar tumatir na biyu daga hagu wani ɗan ganye ya leƙo, bai kai farcen jariri ba, kore shar. Aka ɗauki hotonsa ta kusurwa huɗu aka tura wa Auta. Ta amsa daga wurin aiki da kalma biyu: "Ba siminti."

Sai dai ɗigon yana nan, kowace Litinin da Alhamis, kuma mutum ba ya canja kunne da tsufa. Ba-Yoyo ya yi kwanaki yana zagaye shi, har dabara ta zo masa. Ya sa Kafinta ya yi akwati na biyu, ƙasa da na farko kaɗan, ya ja rarar da bututu zuwa cikinsa. Ruwa ya daina zuba a ƙasa. Ya yi kwana biyu yana tafiya da ƙirji a gaba, kafin Auta ta tuna masa cewa na biyun ma yana buƙatar huji. Aka yi na uku. Aka yi na huɗu. Inna ta samu wurin kabeji, da karas, da kokwamba, ta bar shi yana ta tunanin yaƙi yake da ɗigo. A na huɗun fili ya ƙare, bango ya tare hanya. Hujin ƙarshe ba shi da inda za a kai shi.

Wata Alhamis da safe ya kashe tiyo, ya zagaya ƙarshen layi, sai ya tarar da gwangwanin madara a ƙarƙashin hujin, da ɗan tsiron tumatir a ciki. Ya tsaya. Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, ya tarar ba komai.

Daga bakin kicin Inna ta ce, "Malam, akwai mai sha."

Ya sunkuya, ya matsar da gwangwanin kamar inci ɗaya, yadda ɗigon zai sauka daidai gindin tsiron, don a ganinsa an ajiye shi a karkace.

Tumatirin gwangwanin yanzu ya yi 'ya'ya huɗu. Ba-Yoyo yana nan yana nuna wa baƙi kofi da tsumma, yana kai su akwati na ɗaya, na biyu, na uku. Na huɗu Inna ke kai su. In dole ta sa ya bi ta wurin, yakan juya masa kunnen dama.